Ganewa Kafin Magani: Lafiyar Kanari da Ƙananan Tsuntsayen Keji a Tamale

Tsakure

Wannan takarda ta dubi yadda ake gane rashin lafiya a jikin kanari da sauran ƙananan tsuntsaye masu cin tsaba da ake ajiyewa a keji a Tamale da kewayenta, da yadda ya kamata a yi musu magani. Matsayinta shi ne cewa al'adar jiƙa kafson antibayotik a ruwan shan tsuntsu da zarar an ga ya takure tana cutarwa fiye da yadda take amfanarwa, domin yawancin cututtukan waɗannan tsuntsaye ba sa jin irin wannan magani, kuma jikinsu bai kai girman da za a yi masa awo da ido ba. Takardar ta nuna cewa ɗumi da keɓewa da abinci su ne taimakon farko, sannan duban kashi a madubin likita, aikin da ma'aikatan lafiyar dabbobi na wannan yanki suka riga suka iya saboda kaji da zabi.

Gabatarwa

 Na san a taron da ake maganar shanu da awaki da zabi, wanda ya tashi da batun kanari zai iya zama abin murmushi. Amma duk wanda ya san unguwannin zango, daga Tamale zuwa Kumasi, da birane irin su Kano da Maradi, ya san kejin da ake ratayewa a bakin shagon tela ko ƙarƙashin bishiyar da ake hira, ya kuma san yadda mai shi yake ji da abin da ke ciki. Tsuntsun da muke kira kanari a nan yawanci ɗaya ne daga cikin biyu: mai kore da rawaya, wanda masana ke kira Crithagra mozambica, da mai ruwan toka, Crithagra leucopygia, wanda bai da ado amma ya fi shi zaƙin murya a kunnen mutane da yawa. Ana kuma ajiye baiwar Allah da asisi saboda kyan gashinsu. Kanarin Turawa, wanda asalinsa tsibiran Kanari ne kuma an shafe ɗaruruwan shekaru ana kiwonsa a gida, dabam yake da namu, kuma a kansa da kan wasu tsuntsayen Ostireliya aka rubuta mafi yawan abin da likitocin dabbobi ke karantawa. Wannan bambanci yana da nauyi. Na Turawa a keji aka ƙyanƙyashe shi, namu kuwa daga daji aka kamo shi da tarko ko da danƙo, ya zo da ƙwayoyin cutar da yake ɗauke da su a hanjinsa, sannan aka haɗa masa da firgicin kamu da cunkoso da sauyin abinci.

Cinikin waɗannan tsuntsaye ya taɓa zama babbar harka a Afirka ta Yamma. A 1976 Gana ta sa jerin ƙananan tsuntsayenta da yawa a rukuni na uku na yarjejeniyar CITES mai sa ido kan cinikin namun daji tsakanin ƙasashe, kuma shekaru da dama Senegal da Mali da Gini suna tura su Turai da ɗimbin yawa. A watan Oktoba na 2005 Tarayyar Turai ta dakatar da shigo da tsuntsayen daji saboda tsoron murar tsuntsaye, ta mayar da haramcin na dindindin a 2007, shekarar da Gana ma ta cire su daga wancan rukuni. Kasuwar Turai ta rufe, amma kejin gida bai gushe ba, kuma lafiyar tsuntsun da ke cikinsa ta rage tsakanin mai shi da mai kantin magani.

Jikin da ba ya jira

Duk hujjar wannan takarda ta dogara ne kan girman tsuntsun. Kanarinmu yana da nauyin giram 12 ko kusa da haka, baiwar Allah ba ta cika wuce giram 10 ba. Zafin jikinsu yana tsakanin digiri 40 zuwa 42 a ma'aunin Salshiyos, kuma ƙaramin jiki yana zubar da zafi da sauri, don haka dole tsuntsun ya yini yana ci don ya riƙe wannan zafi. Idan ya daina ci, kwana ɗaya zuwa biyu sun isa su kashe shi, ko da cutar da ta hana shi cin ba mai kisa ba ce. Ga shi kuma a daji duk tsuntsun da ya nuna rauni shi shirwa ke fara ɗauka, saboda haka ɗabi'arsa ce ya ɓoye ciwo, ya ci gaba da tsalle yana tsattsagar tsaba har ƙarfinsa ya ƙare. Ranar da mai keji ya gan shi ya kumbura gashi, ya lumshe ido da rana tsaka, ko ya sauko ƙasan keji ya zauna, ciwon ya riga ya kwana biyu a jikinsa. Jinin jikinsa gaba ɗaya bai fi mililita ɗaya da ɗan kai ba, kuma abin da likita zai iya ɗiba ba tare da haɗari ba wajen ɗigo biyu ne. Wannan ya sa gwajin jinin da ake dogara da shi a kan sa ko kare ba ya cika yiwuwa a nan. Ilimin gane cutar kanari ya koma kan ido, da yatsa, da kashin tsuntsun, da kejin da yake ciki.

Abu na farko da ya kamata mai keji ya koya shi ne kama tsuntsun a hankali, kansa tsakanin yatsu biyu, ba tare da matse ƙirji ba, domin tsuntsu da motsin ƙirji yake numfashi. Sai ya hura gashin ƙirjin ya taɓa ƙashin da ke tsakiya. A lafiyayyen tsuntsu nama ya cika gefe da gefe, idan kuwa ƙashin ya fito da kaifi, tsuntsun ya daɗe yana ramewa a ƙarƙashin gashinsa ba a sani ba. Fatar cikinsa tana da sirantaka har ana iya ganin abin da ke ƙarƙashinta: hanta da ta kumbura tana fitowa kamar baƙin tabo a ƙasan ƙashin ƙirji, hanji mai kumburi yana bayyana ja. Daga nan sai a dubi gindin wutsiya ko kashi ya manne, a dubi ƙafafu ko sun yi ɓawo mai kauri, a kara tsuntsun a kunne a saurari numfashinsa. Duk wannan bai kamata ya wuce minti ɗaya ba, don tsuntsun da ya galabaita yana iya mutuwa a hannu. Kashin ma yana magana idan an shimfiɗa farar takarda a ƙasan keji ana sauya ta kullum. Lafiyayyen kashi yana da ɓangare mai duhu da ɓangare fari da ɗan ruwa kaɗan. Raguwar yawansa na nufin tsuntsun ba ya ci, ko da ana ganinsa a bakin kwano, kuma ganin tsaba a cikinsa ba ta narke ba yana nuna matsala a ciki ko a ƙundu. Wani kuskure da ke kashe tsuntsu ba tare da wata cuta ba shi ne kwanon da ya cika da ƙaiƙayi: kanari yana ɓare tsaba ya bar ɓawon a sama, mai shi ya leƙa ya ga kwano cike, alhali babu ƙwaya ko ɗaya a ciki.

Alama ɗaya, cuta da yawa

A nan ne matsalar kafso take. Tsuntsun da ya kumbura gashi, ya rame, yana zawo, yana iya kasancewa da ɗaya daga cikin cututtuka huɗu ko biyar, kuma a ido kamarsu ɗaya. Akwai ƙwayar Isospora, 'yar'uwar wadda ke jawo kashin jini a kaji, wadda wani nau'inta ba ya tsayawa a hanji, yana shiga jini ya kumbura hanta da saifa, musamman a ƙananan tsuntsaye. Maganinta toltirazuril ne ko magungunan salfa, tare da wanke keji, domin ta kashi take yaɗuwa. Akwai Macrorhabdus, wadda aka daɗe ana ɗauka babbar bakteriya ce, har sai a 2003 bincike ya tabbatar da cewa nau'in yis ce. Tana zama a mahaɗar ciki da ƙundu, tsuntsu yana ci yana ramewa, kuma tun da ba bakteriya ba ce, babu antibayotik ɗin da zai taɓa ta, sai maganin funfuna irin su amfoterisin. Akwai Trichomonas, wadda masu tattabara suka sani da farin abu mai kama da cuku a maƙogwaro, kuma maganinta metronidazol ne ko ɗan'uwansa ronidazol. Akwai tsutsar ciki, da tsuntsun da ke cin gara da ƙwari kan ɗauka. Sannan akwai bakteriya na gaske, irin su Salmonella, da kan shigo ta kashin ɓera a cikin tsaba. Daga cikin waɗannan biyar, na ƙarshe ne kaɗai kafson tetirasaikilin zai iya yi wa wani abu, shi ma idan ƙwayar ba ta riga ta saba da shi ba. A kan yis kuwa, antibayotik ƙara mata fili yake yi. Amma Isospora da yis da tsutsa duk ana ganinsu a ɗanyen kashi a ƙarƙashin madubin likita, Trichomonas kuma a ɗan ruwan da aka shafo daga maƙogwaro, cikin 'yan mintuna, da gilashi da ruwan gishiri.

Batun Trichomonas ya cancanci a ɗan tsaya a kansa, saboda yadda gidajenmu suke. Gidan da ke da kejin kanari sau da yawa yana da ɗakin tattabaru, ga kurciyoyi na sauka a tsakar gida, kuma ruwa ɗaya ake ɗiba ana zuba wa kowa, wani lokaci a kasko ɗaya. Tattabara tana iya ɗauke da wannan ƙwaya ba tare da ta nuna komai ba. Abin da ya faru a Birtaniya ya nuna abin da take yi idan ta tsallaka zuwa ƙananan tsuntsaye: an fara ganinta a tsuntsayen lambu masu cin tsaba a 2005, kuma cikin 'yan shekaru wani koren tsuntsu ɗan dangin kanari ya ragu daga kimanin miliyan 4.3 zuwa kimanin miliyan 2.8. Hanyar yaɗuwar ita ce wuraren ci da sha da mutane ke ajiye wa tsuntsaye a bayan gida. Ƙwayar ba ta jure bushewa, don haka raba kwanon ruwa da wanke shi da shanya shi a rana kullum yana taimakawa a matsayin rigakafi.

Haka lamarin yake a ɓangaren numfashi. Kanarin da ya daina kuka, yana buɗe baki, wutsiyarsa na motsi da kowane numfashi, mai shi zai ce mura ce. Tana iya zama wata 'yar mitsitsiyar ƙuma mai suna Sternostoma tracheacolum, wadda aka fara bayyanawa a 1948 daga kanari a Afirka ta Kudu, mai zama cikin bututun iska. Alamarta ita ce ɗan sautin ƙas-ƙas da ake ji da dare idan gari ya yi shiru, kuma idan aka jiƙa gashin wuya aka haska tocila ta baya a ɗaki mai duhu, akan ga ɗige-ɗige baƙaƙe a cikin bututun. Tana iya zama agana, wadda sauro ke yaɗawa da damina, mai fito da ƙuraje a fatar ido da ƙafa, wadda idan ta shiga huhu takan share keji gaba ɗaya, kuma ba ta da magani sai gidan sauro. Tana iya zama funfunar Aspergillus daga tsaba mai danshi. Tana kuma iya zama hayaƙi kawai. Huhun tsuntsu yana zuƙar abin da ke cikin iska fiye da namu, shi ya sa masu haƙar kwal a Birtaniya suka riƙa shiga rami da kanari don ya nuna musu iska mai guba, bisa shawarar masani John Scott Haldane, har zuwa 1986. Kejin da aka shigar ɗaki da dare saboda sanyi, aka rufe ƙofa, aka kunna maganin sauro mai hayaƙi ko aka ajiye kaskon gawayi, ko aka fesa maganin ƙwari, ya shiga haɗarin da ya fi sanyin da aka gudar masa.

Yanayin Tamale yana raba waɗannan cututtuka bisa lokaci, kuma wannan kansa taimako ne wajen ganewa. Damina ɗaya muke da ita, daga wajen Mayu zuwa Oktoba, da ruwan da ya kai milimita 1,000 ko ɗan fiye a shekara, kuma a cikinta ne ake samun sauro da danshin da ke raya Isospora a ƙasan keji da funfuna a buhun gero. Gubar afalatoksin da funfuna ke fitarwa tana lalata hanta, kuma tarihin gano ta ma daga tsuntsaye ya fara, lokacin da talo-talo kimanin 100,000 suka mutu a Ingila a 1960 bayan cin abincin da aka haɗa da gyaɗa mai funfuna. Tsabar da ke wari ko ta dunƙule ba ta dace da keji ba. Da hunturu, a Disamba da Janairu, ƙura da hayaƙin ƙonar daji da sanyin asuba ne ke aiki. A Maris da Afrilu kuma, lokacin da zafi ke kaiwa digiri 40, kejin da aka manta a rana ko ƙarƙashin kwano yana iya kashe tsuntsu cikin sa'a guda. A ƙarƙashin duk wannan akwai abinci. Gero zalla, ko gero da acca, ba su da isasshen sinadarin bitamin A da kalsiyam, kuma rashin na farkon yana raunana fatar maƙogwaro da hanyar iska, na biyun yana sa ƙwai ya maƙale wa mace. A daji tsuntsun yana haɗawa da ɗanyar tsabar ciyawa da ganye da ƙwari. A keji ana iya maye gurbinsu da ganyen zogale, da ɗan dafaffen ƙwai, da gara, da dakakken ɓawon ƙwai da aka tafasa.

Awon da ido ba ya iyawa

Ko da an dace da sunan cuta, akwai matsalar awo, kuma lissafi ɗaya ya isa ya nuna girmanta. Maganin ƙumar bututun iska da ƙumar da ke sa ɓawo a ƙafa shi ne aibamektin, wanda kowane makiyayi a nan ya sani. Awon da littattafai suka saba bayarwa shi ne miligiram 0.2 ga kowane kilo na nauyin dabba. Tsuntsu mai giram 12 zai buƙaci miligiram 0.0024 ke nan. Kwalbar da ake sayarwa don shanu tana da miligiram 10 a kowace mililita, ɗigo ɗaya nata yana ɗauke da kimanin miligiram 0.5, wato ya ninka wancan awo sau 200. Hatta wanda ake haɗawa a Turai musamman don tsuntsun keji an sirka shi zuwa kashi ɗaya cikin goma na ƙarfin na shanu ko ƙasa da haka, kuma a fatar ƙeya ake ɗiga shi. Na shanun ba ya gauraya da ruwa yadda ya kamata, don haka sirka shi a gida da ruwan randa ba ya ba da awo tabbatacce. Maganin da ake zubawa a ruwan sha ma yana da nasa aibin. Tsuntsun da ba shi da lafiya ba ya sha sosai, ɗacin maganin yana ƙara hana shi, sai ƙishirwa ta gama da shi kafin cutar. Da bazara kuwa yana shan ninkin abin da ya saba, sai ya ɗebi fiye da kima. Tetirasaikilin yana lalacewa a hasken rana, kuma kalsiyam yana ɗaure shi ya hana jiki ɗauka. Mai kejin da ya fasa kafson mutum mai miligiram 250 a ɗan kofin ruwa bai san nawa tsuntsunsa ya sha ba, kuma babu wanda zai iya gaya masa.

Abin da ya kamata a yi a sa'ar farko ba ya buƙatar kantin magani. A ware tsuntsun a keji nasa shi kaɗai, nesa da sauran. A rufe gefe uku da zane, a ajiye shi inda ɗumi ya kai digiri 28 zuwa 30, wanda da hunturu ake iya samu da ƙwan lantarki mai zafi a gefe ɗaya ko kwalbar ruwan ɗumi da aka naɗe da tsumma, a bar masa gefen da zai matsa idan zafin ya yi masa yawa. Da bazara kuwa inuwa da iska yake buƙata. A sauko da sandar da yake sauka, a ajiye tsaba da ruwa a ƙasa kusa da shi, a bar ɗan haske don ya ci ko da dare. Ɗumi yana rage ƙarfin da yake ƙonawa don riƙe zafin jikinsa, kuma wannan ne ke sayo lokacin da za a kai kashinsa a duba.

Abin da za a ce, da amsarsa

Ƙorafi na farko, kuma mafi ƙarfi, shi ne na kuɗi: wa zai hau babur ya nemi likita saboda tsuntsun da kuɗin ganin likitan zai iya fin kuɗinsa? Gaskiya ne, kuma duk shawarar da ta yi watsi da wannan ba za ta yi aiki ba. Amma abin da ake nema a nan bai kai ganin babban likita ba. Ɗanyen kashi ne a ƙunshe cikin leda, da ma'aikacin da ya iya duba kashin kaza, domin hanyar ɗaya ce. Kuma mai keji da wuya ya tsaya a tsuntsu ɗaya, ɗan kasuwa kuwa yana da gommai. Sakamakon gwaji ɗaya yana kare dukkansu. Saboda wannan dalilin ne ma gawar tsuntsun da ya mutu take da daraja: buɗe ta yana nuna hanta da huhu da hanji ƙarara, in dai an kai ta cikin 'yan sa'o'i, a cikin sanyi amma ba a daskare ba, don zafin garinmu yana ruɓar da ita da wuri.

Na biyu, za a ce kafin a je a dawo tsuntsun ya mutu, gara a gwada kafso. Amsar ita ce ɗumi da abinci ne ke riƙe rai a wannan tazara, kafso ba ya yin haka, yana ma iya hana shan ruwa. Ban musanta cewa akwai lokacin da likita zai ba da antibayotik kafin sakamako ya fito ba, idan ya ga alamun da suka sa shi zargin bakteriya, amma shi yana auna nauyi ya lissafa, ya ɗiga a baki. Na uku, za a ce dattawa sun yi shekaru suna kiwon kanari ba tare da madubi ba, kuma wasu sun ga tsuntsu ya warke bayan kafso. Ilimin dattawan na gaske ne, kuma idan aka bincika za a ga yawancinsa ilimin kulawa ne: inda ake rataye keji, irin tsabar da ake zaɓa, lokacin wanka, lokacin da tsuntsu ke sake gashi ya yi shiru ba don ciwo ba. Wannan takarda tana tare da su a nan. Warkewa bayan kafso kuwa ba hujja ba ce, domin mai kejin da ya damu har ya sayi magani yakan kuma matsar da kejin daga iska, ya sauya ruwa, ya ƙara abinci, kuma ba a ƙirga waɗanda suka sha suka mutu.

Akwai masu cewa a buɗe keji kawai a sake shi. Sakin lafiyayyen tsuntsun da aka kamo kwanan nan abu ne mai kyau, amma sakin marar lafiya miƙa shi ne ga shirwa, tare da kai wa na daji abin da ya ɗauka a keji. Malaman fiƙihu sun kafa hujja da hadisin Anas ɗan Malik, wanda Bukhari da Muslim suka ruwaito, game da ƙaninsa Abu Umair da ɗan tsuntsun da yake wasa da shi, a kan halaccin ajiye tsuntsu, amma da sharaɗin ciyarwa da shayarwa da rashin cutarwa. Wanda ya rufe ƙofar keji ya ɗauki nauyin abin da ke ciki, har da lokacin rashin lafiyarsa.

Ƙorafi na ƙarshe daga ma'aikatan lafiyar dabbobi ne kansu: mu da ba mu isa ga shanu da kaji ba, ina muka ga lokacin kanari? Ƙarancinsu gaskiya ne, Gana ba ta fara horar da likitocin dabbobi a jami'o'inta na Legon da Kumasi ba sai a 2009. Amma keji yana rataye ne a inda yara ke wasa kuma ake cin abinci. Salmonella tana kama mutum, haka ma Chlamydia psittaci, wadda ta jawo annobar zazzaɓin aku a Turai da Amurka a 1929 zuwa 1930, ko da yake ta fi yawa a aku da tattabara. Murar tsuntsaye nau'in H5N1 ta bayyana a wata gona a Jaji ta jihar Kaduna a Fabrairun 2006, ta iso Gana kusa da Tema a 2007, ta dawo a 2015 da 2021, kuma wurin da ake tara tsuntsun daji kusa da kaji da zabi wuri ne da ya kamata hukuma ta riƙa leƙawa. Haka nan Gana ta ƙaddamar da manufarta ta yaƙi da bijirewar ƙwayoyin cuta ga magani a 2018, kuma hannun da ke fasa kafso a kofin kanari shi ne ke fasa shi a kaskon 'yan zabi.

Kayan aikin suna kusa da mu. Pong-Tamale, a kan hanyar Bolgatanga, cibiyar lafiyar dabbobi ce tun shekarun 1930, lokacin yaƙi da ciwon bushiya na shanu, kuma har yau tana da ɗakin gwaje-gwaje da kwalejin horar da ma'aikata. Jami'ar UDS, da aka kafa a 1992, tana koyar da ilimin dabbobi a harabarta ta Nyankpala. Kirana ga waɗannan cibiyoyi biyu shi ne su sa duban ƙananan tsuntsaye cikin aikin da ɗalibai ke yi da hannu, su tanadi sikeli mai auna giram da aibamektin da aka sirka daidai a ofishin dabbobi na birni, su kuma tura ɗalibai su tattara kashin tsuntsayen keji a unguwanni da damina da rani, su rubuta abin da suka gani da Hausa da Dagbani. Masu keji kuma su ware duk sabon tsuntsu na kwana 30 kafin su haɗa shi da sauran, su raba ruwansa da na tattabaru, su fitar da keji daga ɗakin da aka kunna maganin sauro. Masu kantin magani, idan an zo muku da batun kanari, ku tambayi nauyinsa kafin ku miƙa kafso, in ba a sani ba ku tura mai shi ofishin dabbobi.